Yadda na je Kano jinyar Hajiya, jihar New York ta sa aka biya ni

Tun bayan dawowata daga gida, da wuya a yi Juma'a wani bai ja ni gefe a ƙofar masallacinmu na unguwar Bronx da ke birnin New York ba yana tambaya, wai da gaske ne na yi kusan wata uku a Kano ina jinyar mahaifiyata, kuɗi na shiga asusuna, kuma na dawo na tarar da aikina yana nan? Da gaske ne. Ba kuma alfarmar wani oga ba ce, dokar jihar New York ce, kuma yawancin masu tambayar an daɗe ana cirar kuɗinta daga albashinsu ba su ankara ba. Na san mutanenmu da suka ajiye aiki ɗungurungum saboda ciwon iyaye, na san waɗanda suka danne zuciya suka zauna, sai aiken kuɗin magani da kiran waya, har aka yi musu rasuwa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na bi tun daga farko, wanda ya zo bayana ya huta da kai-komon da na sha.

Ina aikin dare ne a wani kamfanin rarraba kayan abinci da ke Hunts Point, na kuma yi shekaru a wurin. Ƙarshen watan Fabrairun 2024 ƙanwata ta kira ni ina shirin fita aiki. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, Hajiya ta faɗi a tsakar gida, bakinta ya karkace, hannun dama ba ya motsi." Dama tana fama da hawan jini. Kashegari likitoci suka tabbatar shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙanwar tawa goyo gare ta, ga yara 'yan makaranta, ƙanenmu kuma yana Legas yana aikin da ba a ɗaga masa ƙafa. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Kwanakin farko da na kasa fita aiki, ina ta waya da neman tikiti, na cike su ne da hutun rashin lafiya. Wannan wata doka ce dabam ta jihar, wadda aka fara cin moriyarta a Janairun 2021: duk awa 30 da ka yi aiki kana tara awa 1, har zuwa awa 40 a shekara idan ma'aikatan wurin sun kai 5 zuwa 99, ko awa 56 idan sun kai 100. Mutane da yawa sun ɗauka sai kai ne ba ka da lafiya za ka taɓa shi. A'a, ciwon uwa ko ɗa ko mata ma ya isa. Amma awa 56 aikin kwana bakwai ne kawai, ina zai kai mutumin da zai haye teku?

Wanda na fara tunkara shi ne shugaban sashenmu. Mutumin kirki ne, ya jajanta mini, sannan ya duba kwamfuta ya ce ina da hutun shekara na mako biyu, in ɗauka in je in dawo, abin da ya haura haka kuwa ba zai iya yi mini alkawarin gurbina ba. Na fito daga ofishinsa ƙafafuna sun yi sanyi. Mako biyu, idan ka cire kwanakin hanya, gaisuwa ce kawai ba jinya ba. A daren na fara lissafin ajiye aikin. Wani dattijo ɗan Maraɗi da muke sallar asuba tare, wanda 'yarsa ke aikin jinya, shi ya ce, "Kada ka kuskura ka ce ka bar aiki. Wuce ogan nan, ka je wurin masu kula da ma'aikata, ka ce musu hutun iyali mai biya kake nema." Shawarar nan ita ta juya lamarin gaba ɗaya.

Ofishin kula da ma'aikata da rana suke aiki, don haka na tashi daga aikin dare na zauna a benci ina gyangyaɗi har matar da ke wurin ta iso. Ita ta warware mini abubuwan da suka cakuɗe a kaina. Akwai dokar tarayya da ake kira FMLA, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993. Tana ba da mako 12 kuma tana kare maka gurbinka, amma ko sisi ba a biya, kuma sai kamfanin yana da ma'aikata 50, kai ma ka cika shekara a wurin da aikin awa 1,250. Ita ce yawancin mutane suka sani, shi ya sa suke cewa a Amurka babu hutu da biya. A matakin tarayya kam gaskiyarsu ne, ko hutun shekara babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya biya ka. Jihohi ne kowace ke yin nata. Ta New York ana ce mata PFL, wato hutun iyali mai biya. Gwamna Andrew Cuomo ya sa mata hannu a 2016, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018 da mako 8 da rabin albashi, aka riƙa ƙarawa har ta kai mako 12 da kaso 67 cikin 100 a 2021. Matar ta ce in buɗe takardar albashina a waya. Ta sa yatsa a wani ɗan layi can ƙasa, a cikin jerin harajin da ban taɓa tsayawa karantawa ba, an rubuta NY PFL, a gefensa dala uku da 'yan kai. Ashe duk mako ina zubi. Kamar adashi ne da kake ciki ba ka sani ba, sai ranar da aka ce kwasarka ta zo.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Idan kana aikin awa 20 ko fiye a mako, sai ka yi mako 26 a jere a wurin. Idan bai kai awa 20 ba, sai ka cika kwana 175 na aiki. Ba a duba yawan ma'aikatan kamfani kamar yadda dokar tarayya take yi, kuma ba a tambayar takardun zama ko ɗan wace ƙasa ne kai. Na maimaita mata tambayar da ta fi damuna har sau biyu: mahaifiyar tawa fa ba a Amurka take ba. Ta ce babu ruwan dokar da inda mara lafiya yake, ko a wata jiha ko a wata ƙasa, muddin likitan da zai cike takarda yana da lasisin aiki a ƙasar da yake. Lissafin kuɗin kuma daga albashin makonni 8 na ƙarshe kafin hutu ake ɗauko shi, a raba a fitar da matsakaici. Nawa ya kama kusan dala 900, kaso 67 ɗinsa ya zo dala 600 da ɗoriya. A shekarar akwai iyakar da ba a wucewa, dala 1,151.16 a mako, abin da ake cira kuma kaso 0.373 ne cikin 100 na albashi. Waɗannan alƙaluma suna canjawa duk shekara, kowa ya duba na lokacinsa. Dala 600 ba za ta riƙe hayar Bronx da cefanen gida biyu yadda aka saba ba, sai da muka ɗaure ciki, amma tsakaninta da babu akwai nisa.

Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe: ba kamfaninka ke amincewa ko ƙi ba. Kamfanin inshorar da suka yi rajista da shi ne ke yanke hukunci, shi ne kuma ke biya. Sunansa na jikin wata takarda da doka ta ce a manna a wurin aiki. Namu yana allon ɗakin cin abinci, bayan injin sayar da lemo, inda nake wucewa kullum. Takardu uku aka ba ni. Ta farko PFL-1, ita ce neman hutun, ni na cike sashen farko, kamfani ya cike na biyu da bayanin albashina. Doka ta ba su kwana 3 na aiki su dawo da ita, kuma idan sun yi jinkiri kana iya turawa haka nan, inshora ba za ta ƙi ka don wannan kaɗai ba. Nawa sun dawo da ita a kan lokaci. Ƙa'ida ita ce ka sanar da wurin aiki kwana 30 kafin tafiya idan abu ne da aka san da zuwansa, kamar haihuwa ko tiyatar da aka sa wa rana. Ciwon farat ɗaya kuwa da zarar ka samu hali. Duk da mun yi magana baki da baki, matar ta ce in aiko mata da imel na layi biyu don ranar sanarwar ta zauna a rubuce. Sauran biyun, PFL-3 da PFL-4, su na sa a jaka na tafi da su, don aikinsu a Kano yake.

Na bi ta Alƙahira na sauka Kano ana gab da fara azumi. Tikitin gaggawa ya haura dala dubu da nisa, kuma wannan daga aljihuna, babu inshorar da ke biyan kuɗin jirgi. Na tarar an sallamo Hajiya daga gado, ana kai ta gashi sau da yawa a mako. Da ta gan ni ta yi ta ƙoƙarin kiran sunana, harshen ya ƙi, sai hawaye. Kwanakin farko ko tunanin takardu ban yi ba. Amma agogo na tafiya: dole cikakkiyar buƙatarka ta isa wurin inshora cikin kwana 30 daga ranar da hutu ya fara, in ba haka ba kana iya rasa kuɗin.

PFL-3 izini ne daga mara lafiya cewa ta yarda likita ya faɗi ciwonta. Ita ke sa hannu, ko wakilinta, kuma a wurin likita takardar ke zama, ba a tura wa inshora. Na karanta wa Hajiya na fassara mata, ta gyaɗa kai, ƙanwata ta riƙe mata hannun hagu ta dangwala. PFL-4 ce ta ba ni wahala. Asibitin da ake ganinta, likitan ƙwaƙwalwa ranar da yake zama a mako ƙayyadaddiya ce, layin kuma tun asuba ake kama shi. Zuwan farko ma'aikaciyar jinya ta juya takardar gaba da baya ta ce su ba su san irin wannan ba, in je ofishin da ake ba da rahoton likita. A can aka ce sai na biya kuɗin rahoto, na biya aka ba ni rasit, sannan aka ce a nemo fayil. Fayil ɗin ya kwana a wani sashe, wanda ke da makulli kuma ya tafi ta'aziyya. Sai mako na gaba na samu zama gaban likitan. Saurayi ne, gajiya ta bayyana a idonsa, marasa lafiya cike da baranda. Na ce, "Likita, a yi haƙuri, ba rahoto nake nema ba, wannan fom ɗin ne suke so a cike da hannunka." Ya karanta a tsanake, ya yi murmushi ya ce ashe akwai inda ake biyan mutum don ya yi jinyar uwarsa. Ya rubuta ciwon, da ranar da ya fara, da lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta Najeriya. Da ya zo gurbin ranar da ake sa ran mara lafiya za ta daina buƙatar kulawa, sai ya ɗaga biro ya ce wannan ai sanin Allah ne. Na roƙe shi ya sa kiyasi kawai, don idan gurbin ya zama fanko za su dawo da takardar. Ya sa farkon watan Yuni, ya buga hatimin asibiti.

Na kai takardun wani shagon kwamfuta aka yi musu sikanin mai kyau, don hoton waya yakan fito da inuwa a kan lambobi. Na haɗa PFL-1 da PFL-4 na tura ta imel, na ajiye kwafi. Doka ta ce inshora ta biya ko ta ƙi cikin kwana 18 daga samun cikakkiyar buƙata ko daga ranar fara hutu, duk wanda ya zo daga baya. Na zauna jira. Shiru. Kuɗin da na zo da shi sai raguwa yake, ga magani, ga kuɗin mai gashi, ga 'yan uwa masu zuwa dubiya da ke ganin wanda ya zo daga Amurka ba ya rasawa. Sai matata ta turo mini ta WhatsApp hoton wata wasiƙa da ta iso gidanmu na Bronx: buƙatata ba ta cika ba, ranakun da ke takardar likita ba su yi daidai ba. Na ɗauko kwafin na ƙura masa ido. Likita ya rubuta 04/03/2024 a matsayin ranar da aka fara buƙatar kulawa, wato 4 ga Maris, da 03/06/2024 a matsayin ƙarshe, wato 3 ga Yuni, yadda kowa ke rubutawa a Najeriya. Su kuwa Amurkawa wata suke fara sawa kafin rana. A idonsu jinyar za ta fara 3 ga Afrilu ta ƙare 6 ga Maris, ta ƙare tun ba ta fara ba ke nan.

Kiran kamfanin inshora daga Kano wani aiki ne shi ma. A lokacin Kano na gaban New York da awa 5, don haka ƙarfe 9 na safiyarsu ƙarfe 2 na rana ne a wurinmu, tsakiyar zafin watan Maris, ga azumi a baki. Ina zaune a zaure ina sauraron kiɗan jira, kati na ƙonewa, layi ya tsinke a sake daga farko. Shafinsu na intanet kuma ya ƙi buɗe mini, don lambar sirrin shiga suna aika ta ne zuwa layina na Amurka, wanda ba ya karɓar saƙo a can. Daga ƙarshe na samu wata mai haƙuri ta ce ba za su iya gyara rubutun likita da kansu ba, sai shi ya sake cikewa. Na koma layin asuba. Wannan karon na rubuta ranakun a wata 'yar takarda yadda ake so, wata a gaba, na ajiye masa a kan tebur, na kuma roƙe shi ya rubuta sunan watan da haruffa a gefe. Ya yi dariya ya cike. Bayan na sake turawa ba a daɗe ba, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar salla, na ga kuɗin sun shigo, har da na makonnin baya duka a dunƙule. Daga nan biyan ya ci gaba ba tangarɗa har hutun ya ƙare.

Sauran lokacin na Hajiya ne. Na koyi yadda ake juya ta kada kwanciya ta ci mata baya, da yadda ake ba ta kunu da ƙaramin cokali a hankali don kada ta shaƙe. Kafin in taho tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa bakin rijiya, magana ma ta fara fita ko da a tauye. Wani abu da matar ofishinmu ta tuna mini tun kafin in tafi, kuma ya yi amfani: inshorar lafiyar iyalina tana ci gaba a lokacin hutu, amma kason da ake cira daga albashina dole in ci gaba da biya da kaina tunda babu albashin da za a cira. Mun shirya matata tana kai musu. Kamfanin kuma ya lissafa hutun tarayya da na jiha a tare, abin da doka ta yarda da shi, don haka kada wani ya sa rai zai ci mako 12 na wannan ya ɗora 12 na wancan.

Da na dawo na tarar an sa sunana a wasu ranaku da ba nawa ba, awannin ma sun ragu. Doka ta ce a mayar da kai aikinka ko makamancinsa, da albashi da haƙƙoƙi iri ɗaya. Ban tsaya ja-in-ja da ogan sashe ba, na rubuta wa ofishin ma'aikata imel, kafin mako ya zagayo aka gyara. Da sun ƙi, akwai fom ɗin neman a mayar da mutum aiki, PFL-DC-119, wanda ake ba kamfani a kuma aika kwafi ga hukumar biyan diyyar ma'aikata ta jihar, ita ce ke kula da shirin baki ɗaya. Idan inshora ce ta ƙi biya ba bisa ƙa'ida ba, akwai masu sasanci da ake kai ƙara wurinsu.

Masu tambayata galibi a wurare kaɗan suke tuntuɓe. Wasu na ɗauka kowane ɗan uwa ya shiga. Dokar ta lissafa su ne: mata ko miji, 'ya'ya, iyaye, surukai iyayen mata ko na miji, kakanni, jikoki, sai yayye da ƙanne da aka ƙara daga Janairun 2023. Kawu da gwaggo ba sa cikin jerin da sunansu, duk da matsayinsu a wurinmu. Hutun kuma na jinya ne da renon sabon jariri, ba na biki ko aikin Hajji ko zaman makoki ba, kuma idan Allah ya karɓi ran wanda ake jinya, biyan ya tsaya daga nan. Ciwon kanka ma ba nan ake kai shi ba, yana da nasa tsarin dabam. Ba dole ne ka cinye makonni 12 a tafiya ɗaya ba, ana iya ɗauka kwana-kwana, sai dai cikakken yini ake lissafawa ba rabi ba. Wanda zai tafi gida ya tabbatar ya bar mai buɗe masa wasiƙu, ya kuma mayar da lambar shiga shafin inshora zuwa imel tun yana nan. Kuma ya tafi da fom ɗin likita fiye da ɗaya, wanda ba a cike ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne 'yan uwanmu direbobin tasi da masu kai saƙon abinci, waɗanda su ne suka fi yawa a cikinmu. Wanda ake ɗauka a matsayin mai zaman kansa ba a cirar masa wannan kuɗi, don haka ba ya cikin shirin sai idan shi ya je ya sayi inshorar da kansa, kuma wanda ya makara wajen shiga sai ya jira shekara biyu kafin ya fara amfana. Haka nan abin ya danganta da jihar da kake aiki, ba wadda kake kwana ba. Mai zama a New Jersey yana aiki a Manhattan dokar New York ce ta hau kansa. California ce ta fara biyan irin wannan hutu tun 2004, New Jersey ta bi a 2009, Connecticut da Massachusetts da Washington ma suna da nasu, kowace da lissafinta. Amma abokina da ke Greensboro a North Carolina, da wani ɗan ajinmu a Houston, da na ba su labari suka bincika, babu irinsa a jihohinsu ga ma'aikatan kamfanoni, sai abin da kamfani ya ga damar bayarwa.

Saura maganar haraji. Kuɗin hutun ana biya masa haraji, amma inshora ba ta cirewa sai ka nemi a cire. A farkon 2025 takardar 1099 ta iso gida da jimillar abin da aka biya ni, na kai wa mai yi mana lissafin haraji, ya zabtare wani kaso daga abin da muke sa ran gwamnati za ta dawo mana da shi. Wanda bai son wannan ya faɗa wa inshorar tun ranar da yake tura takardunsa cewa a riƙa cirewa daga kowane biya.